Shafen hana yoyo a rufin dekin: yadda yake aiki da dalilin da yake kasawa

Watan Agusta ne ke tona asirin rufin kankare, wanda magina ke kira dekin. Ana gama gini da rani, a yi filasta, a buga fenti, kowa ya yaba, sai damina ta yi tsakiya tabo ya fito a kusurwar silin, fenti ya kumbura, ɗaki ya soma warin danshi. Abin da aka saba yi shi ne a kira birkila ya ƙara zuba siminti da yashi a saman, kuma sau da yawa wannan ƙarin ba ya wuce damina ɗaya ko biyu kafin shi ma ya tsage. A 'yan shekarun nan kasuwannin kayan gini sun cika da bokitai na wani ruwa mai kauri da ake shafawa da rola ko burushi, wanda idan ya bushe yake zama fata mai talewa kamar roba. Wasu sun shafa sun huta shekara da shekaru, wasu kuwa sun sayi irinsa, ruwan farko ya nuna musu sun yi asarar kuɗi. Abin da ya raba su yawanci shi ne kaurin da aka shafa, da halin da kankaren yake ciki ranar aikin, da hanyar da aka ba ruwa ya sauka.

Kafin a fahimci maganin, sai an fahimci dalilin da ya sa kankare ke yoyo, alhali ido na ganinsa kamar dutse. Siminti yana buƙatar ruwa kaɗan ne domin ya kama, amma a wurin gini leburori kan ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi saukin ɗauka da zubawa. Ruwan da ya yi yawa yana ƙafewa daga baya, ya bar ƙananan ramuka da hanyoyi a cikin jikin kankaren, sannan kankaren ya ɗan tsuke yayin bushewa, abin da ke haifar da siraran tsaguwa. Bayan wannan kuma akwai motsin zafi da sanyi, wanda ba ya ƙarewa muddin ginin na tsaye. Kankare yana miƙewa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka dekin mai tsawon mita 10 da zafin jikinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin tsakar rana da asuba yana motsi da kusan milimita 3. Adadin ƙarami ne, amma ana maimaita shi kullum, kuma duk motsin yana taruwa ne a wuraren da suka fi rauni. Shi ya sa ƙarin siminti ba ya magance komai: abu ne mai tauri aka ɗora a kan abu mai motsi.

Haɗarin ya wuce tabon silin. Ruwan da ya ratsa kankare yana isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da dama, sai ta tura kankaren daga ciki har ya ɓalle. Duk wanda ya taɓa ganin ƙasan tsohon dekin da guntayen kankare suka faɗo, jan rodi ya bayyana, ya ga ƙarshen yoyon da aka yi sakaci da shi.

Dabarar shafa wa rufi abin da zai kore ruwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maginan soro sun daɗe suna shafe rufin azara da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suna kuma amfani da makuba ta ɓawon ɗorawa wajen ƙarfafa yaɓe da daɓe. Sun san abubuwa biyu da maginin zamani kan manta: rufi sai da gangare zuwa indararo, kuma shafe abu ne da ake dubawa a gyara kafin kowace damina.

Shafen zamani ya bambanta da shimfiɗar kwalta ta naɗi, wadda ake warwarewa a manna da wutar gas, ta fuskoki biyu masu muhimmanci. Na farko, ba shi da mahaɗa, kuma a mahaɗa ne shimfiɗar naɗi ta fi buɗewa. Ruwan shafe yana bin kowace kusurwa, da gindin bututu, da bakin magudana, wuraren da yanka naɗi da liƙa shi ke da wuya. Na biyu, yana manne da kankaren gaba ɗaya, don haka idan ya huje a wuri guda ruwa ba ya samun hanyar yawo a ƙarƙashinsa ya ɓullo a wani ɗaki mai nisa. Sai dai wannan fa'ida tana tafe da nata sharaɗi. Shimfiɗar naɗi tana fitowa daga masana'anta da kauri daidai, milimita 3 ko 4, wanda ma'aikaci ba zai iya ragewa ba. Shafe kuwa a kan rufin ake ƙera shi, da hannun mutum, a cikin rana da iska da ƙura, kuma duk kuskuren wannan rana yana zama a cikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Wanda ya fi yawa a kasuwa, kuma ya fi araha a cikin masu talewa, shi ne akirilik. Ana dama shi da ruwa tun daga masana'anta, ba shi da wari mai tsanani, ana wanke kayan aikinsa da ruwa, kuma yana jure rana sosai, musamman farinsa. Yana bushewa ne ta hanyar ƙafewar ruwan da ke cikinsa, wanda ke nufin idan aka yi ruwan sama kafin ya kama zai wanke, idan kuma aka zuba shi da kauri lokaci guda samansa zai bushe cikinsa ya zauna ɗanye. Babban rauninsa shi ne kwantaccen ruwa. Inda ruwa ke yin kwanaki bai ƙafe ba, akirilik yana jiƙewa ya yi laushi, ya kumbura, ya saki kankaren. A rufi mai gangare yana aiki da kyau, a dekin mai kwari kuwa, wanda shi ne irin wanda aka fi kai masa, yana kunyata mai shi.

Foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, ya fi akirilik ƙarfi da jure kwanciyar ruwa da taku. Irin na bokiti ɗaya, wanda ba sai an haɗa shi da wani sinadari ba, yana kamawa ne ta hanyar shan laimar da ke cikin iska, kuma a nan ne abin mamaki yake: laimar iska ce ke busar da shi, amma danshin kankare yana lalata shi, domin sinadarin da ke cikinsa idan ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar gas wadda ke yin kumfa da bororo a cikin fatar. Yawancin masu arahar cikinsa ba sa jure rana kai tsaye, suna yin rawaya su soma gari a sama, don haka ana rufe su da shafe na ƙarshe mai jure rana. Mai sayen da bai san haka ba yakan ɗauka ɗan kasuwa ne ke son ƙara masa kaya. Warin maganin narkarwar da ke cikinsa yana cutar da numfashi kuma yana kama wuta, saboda haka takunkumi da safar hannu da nisantar sigari wajibi ne.

Sauran nau'o'in kowanne da muhallinsa. Silikon ba ya damuwa da rana ko kwantaccen ruwa, amma yana riƙe ƙura, yana santsi idan ya jiƙe, kuma babu abin da ke kama jikinsa sai silikon, don haka wanda ya fara da shi ya ɗaure kansa da shi. Ruwan kwalta shi ne mafi araha, sai dai baƙi ne mai zuƙar zafi, rana tana busar da shi ya tsattsage idan ba a rufe shi ba, ya fi dacewa da harsashin gini da wuraren da za a binne. Haɗin siminti da ruwan roba yana son jiƙaƙƙen wuri, abin da ya sa ya dace da banɗaki da tankin ruwa da ƙarƙashin tayil, amma talewarsa kaɗan ce. Foliyuriya tana daskarewa cikin daƙiƙoƙi kuma tana buƙatar injin feshi mai dumama sinadarai biyun da ake haɗa ta da su, wani shafen roba da ake kira PMMA kuma yana kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Waɗannan biyun na manyan ayyuka ne da ƙwararrun ma'aikata.

A ganina, wurin da aka fi cutar masu gidaje shi ne lissafin kauri, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi. Lita ɗaya idan aka baza ta a murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya tana ɗanya. Amma ba duk abin da ke cikin bokitin ne ke zama a kan rufi ba, domin wani kaso ruwa ne ko maganin narkarwa da zai tashi. Idan rabin akirilik ruwa ne, kamar yadda yake a da yawa daga cikinsu, to lita ɗaya za ta bar rabin milimita ne kawai bayan bushewa. Wanda ke neman busasshiyar fata mai milimita ɗaya yana buƙatar lita 2 a kowane murabba'in mita, ke nan rufi mai murabba'in mita 100 zai ci lita 200, wato bokiti 10 masu lita 20, ban da abin da kaushin kankare zai shanye. A nan ne tarbiyyar mai fenti ke zama matsala. Ya saba lita ɗaya ta fentin bango ta shafe masa kusan murabba'in mita 10, kuma gwanintarsa a wurin masu gida ita ce ya sa kaya su yi auki. Idan ya shafe wannan rufi da bokiti 3, launi zai rufe ko'ina, ido ba zai ga aibu ba, amma abin da ya bari bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba. Idan kuma ya ƙara ruwa domin rola ta yi gudu, abin ya ƙara lalacewa. Akwai wata dabara kuma da ya kamata a lura da ita: wasu bokitan da kilo ake rubuta su, kuma da yake waɗannan kayan sun fi ruwa nauyi, bokiti mai kilo 20 yana iya zama lita 15 kacal. Saboda haka kwatanta farashin bokiti da bokiti yaudarar kai ce. Abin kwatantawa shi ne kuɗin murabba'in mita ɗaya a kaurin da kamfanin ya rubuta.

Dalilin da ya sa kauri ke da wannan muhimmanci yana komawa ga tsaguwar da aka ambata a baya. Ana rubuta wa bokiti cewa fatar tana talewa ninki uku ko biyar, kuma gaskiya ne idan aka yanko ta aka ja ta a ɗakin gwaji. A kan rufi kuwa fatar a manne take, kuma idan sabuwar tsaguwa ta buɗe a ƙarƙashinta, ɗan siririn wurin da ke kan tsaguwar ne kaɗai zai ɗauki duk talewar. Siririyar fata tana yagewa nan take, mai kauri kuwa tana raba jan a cikin jikinta. Wannan ne kuma amfanin ƙyallen foliyesta ko ragar zaren gilashi da ake nutsarwa a cikin shafen farko tun yana ɗanye: yana rarraba ƙarfin ja, yana kuma tilasta wa ma'aikaci zuba kaya da yawa, domin ƙyallen ba ya ɓacewa sai ya ƙoshi. Tsohuwar ƙa'idar Turai da aka sani da ETAG 005 ta kasa waɗannan kayan gida uku bisa shekarun da ake sa ran za su yi, 5 da 10 da 25, kuma sau da yawa kaya iri ɗaya ne ke hawa daga wani mataki zuwa wani idan aka ƙara kauri da ƙyalle. Hanyar sa ido mai sauƙi ita ce a raba rufin gida-gida da alli, a ce kowane gida sai ya cinye bokiti guda, a kuma shafa hawa biyu ko uku masu launi daban-daban, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, domin a ga inda aka tsallake. Akwai kuma ɗan ma'auni mai haƙora kamar mataji da ake dangwalawa a ɗanyen shafe ya nuna kaurinsa.

Sai batun fagen da za a shafa. Sabon kankare ana ba shi aƙalla kwana 28, kuma ko tsoho ne sai an tabbatar ya bushe har ciki, domin busasshen sama ba shaida ba ce. Akwai gwaji mai sauƙi da ƙa'idar Amurka ta ASTM D4263 ta bayyana: a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 a kowane gefe, a rufe bakinta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16; idan aka ɗaga aka ga gumi a ledar ko kankaren ya yi duhu, to akwai danshi. Danshin da aka rufe a ƙarƙashin fata yana zama tururi idan rana ta buga, ya ɗaga fatar ta yi bororo. Haka kuma garin simintin da ke tasowa saman kankare, da gansakuka, da tsohon fenti, da mai, duk sai an kankare su da giranda ko burushin waya, domin shafe yana kama abin da ya tarar ne, idan ƙura ya tarar ƙura zai kama. Bayan haka ake buga shafen share fage, wanda masu fenti ke kira firaima, domin ya toshe ramukan kankare ya ba na sama wurin riƙo.

Lokacin aiki ma yana da hukunci. Da hantsi, yayin da kankare ke ɗaukar zafi, iskar da ke cikin ramukansa tana kumbura ta fito, ta huda ɗanyen shafe da ƙananan ramuka kamar na allura. Da la'asar, lokacin da yake hucewa, iskar komawa ciki take yi, shi ya sa ƙwararru suka fi son buga firaima da hawan farko a wannan lokaci. Tsakar ranar bazara tana busar da sama kafin ciki, raɓar asuba tana hana kamu, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce zafin kankaren ya ɗara matakin da raɓa ke sauka da digiri 3. A yankinmu rani ne lokacin aikin, sai dai ƙurar hunturu tana sauka tsakanin hawa da hawa, don haka sai an share kafin a ƙara, kuma bushewar iskar hunturu tana jinkirta kamuwar foliyuretan mai shan laima. Abin takaici shi ne yawancin mutane ba sa tuna rufi sai yana zuba, wato a daidai lokacin da kankaren ya fi kowane lokaci jiƙewa.

Yoyo ba kasafai yake farawa a tsakiyar fili ba. Yana farawa ne inda dekin ya haɗu da rawanin gini, da gindin bututu, da bakin indararo. A kusurwa ana yin ɗan gangaren siminti domin fatar kada ta karye a lanƙwasa mai kaifi, a sa ƙyalle, a hau da shafen jikin bango aƙalla santimita 15, a kuma cusa bakinsa cikin tsagi ko a rufe shi, domin ruwan da ke gangarowa daga bango kada ya shiga ta bayansa. Saman rawanin kansa, idan filastarsa ta tsage, yana shan ruwa ya kai shi ƙarƙashin aikin duka. Tsaguwa mai faɗi ana buɗe ta a cika da abin toshi mai laushi kafin a bi ta da ƙyalle, mahaɗar da injiniya ya bari domin motsin gini kuwa ba a shafe ta kai tsaye, tana da nata tsarin. A bakin magudana kuma dole fatar ta shiga cikin bututun, ba ta tsaya a gefensa ba.

Duk wannan bai ɗauke wa rufi buƙatar gangare ba. Ƙa'idar Birtaniya ta rufin da ba shi da tudu tana neman gangaren da bai gaza ɗaya cikin 80 ba bayan an gama aiki, wato saukar santimita ɗaya da kwata a kowace mita, kuma ana ba da shawarar a tsara shi a ɗaya cikin 40 domin kuskuren hannu da lotsawar dekin. Ruwan sama mai milimita 50 a kan murabba'in mita 100 lita 5,000 ne, kuma kowane santimita na kwantaccen ruwa nauyin kilo 10 ne a murabba'in mita. Idan dekin yana da kwari, gyaransa da shimfiɗar siminti da yashi yana gaba da sayen bokiti, kuma ƙara yawan indararo ko faɗaɗa su yakan fi ƙarin shafe amfani.

A rufin kwano lamarin ya ɗan bambanta, domin ruwa ba ya ratsa ƙarfe, yana bi ne ta ramin ƙusa da mahaɗar falle da wurin da tsatsa ta ci. A kankare tsatsa, a sauya ƙusoshin da suka saki, a bi mahaɗa da ƙyalle, sannan a shafa. Almuniyam yana motsi da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka yana buƙatar shafe mai laushi sosai. Kwanon da ya ruɓe kuwa sauyawa yake so. Farin shafe yana da ƙarin fa'ida a kowane irin rufi, tunda yana mayar da mafi yawan hasken rana yana sabo, ɗakin da ke ƙasa ya rage zafi, ko da yake ƙura tana rage wannan amfani idan ba a wankewa.

Bayan fatar ta kama sosai, kafin a biya cikon kuɗi, ana toshe magudanu a tara ruwa mai zurfin 'yan santimita na awa 24 zuwa 48, a duba ƙasan dekin, muddin an tabbatar ginin zai ɗauki nauyin. Daga nan kuma sai kulawa: share ganye da ledoji daga bakin indararo kafin ruwan farko, da ƙara hawa ɗaya idan saman ya soma gari, tun kafin ya kai ga kankare, wanda ya fi sake aikin duka arha nesa ba kusa ba. Yawancin hujin da ake samu daga baya masu wasu sana'o'in ne ke yin sa, mai ɗora tankin ruwa da ke jan ƙarfe a kan fatar, da mai kafa farantin tauraron ɗan'adam, da mai girka faifan sola da ke huda dekin da inji domin ya ɗaure ƙafafunsa. Idan ana da niyyar ɗora waɗannan, a fara zuba musu dakalin kankare su zauna a kai, a haɗa dakalin cikin shafen kamar yadda aka yi wa rawani, duk wani rami da aka huda daga baya kuma a toshe shi da irin kayan da aka shafa tun farko, da ƙyallensa, a ranar da aka huda shi.